Yadda ake nutso da tukunyar iska a tsohuwar mahaƙar da ruwa ya cika

Ramin haƙar dutse ko na ma'adinai mai zurfi yawanci ba ya zama a bushe sai idan injinan zuƙe ruwa suna aiki dare da rana. Ranar da kamfani ya kwashe kayansa ya kashe injinan, ruwan ƙarƙashin ƙasa da na sama sukan fara taruwa, kafin wasu shekaru rami ya koma tafki. Ta haka aka samu Stoney Cove a Ingila, inda a da ake fasa dutsen giranait. Ta haka aka samu Kreidesee na garin Hemmoor a Jamus, ramin alli mai zurfin mita 60 da aka daina haƙa a 1976, da kuma Rummu a Estoniya, inda ruwa ya haɗiye har da wasu gine-ginen gidan yari. A irin waɗannan wurare masu nutso da yawa suka fara shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa.

Abin da ke jawo mutane zuwa mahaƙa shi ne kuma yake yaudararsu. Babu igiyar ruwa, babu guguwar teku, babu ruwan da zai ja ka ya tafi da kai. Tafki ne kwance lumui, sai mutum ya saki jiki. Amma wannan rami ba ruwa ne ya sassaƙa shi ba, nakiya ce da katafila. Gaɓarsa ba ta gangara sannu a hankali, yankewa take yi. Ƙasansa akwai sanyi da duhu, ko da a sama rana tana ƙuna. Duk matakan da ke tafe, dalilinsu ke nan.

Ka fara tantance ramin da ruwan da ke cikinsa

Ba kowace mahaƙa ake shiga ba. Tambayar farko ita ce: me aka haƙa a nan? Inda aka fasa dutsen gini, ko alli, ko tsakuwa, ruwan yakan zama mai tsabta. Inda aka haƙo ƙarafa kuwa, irin su jan ƙarfe ko dalma, sai an yi hattara ƙwarai, domin duwatsun da ke ɗauke da sinadarin farar wuta suna mayar da ruwa asid idan iska ta taɓa su, asid ɗin kuma ya narkar da ƙarafa masu guba. Ramin Berkeley Pit da ke jihar Montana a Amurka shi ne misalin da kowa ke bayarwa. An kashe injinan zuƙe ruwansa a 1982, a 1995 kuma wasu tsuntsaye masu ƙaura, dangin dinya, guda 342 suka sauka a kansa suka mutu.

Kyan launi ma ba shaida ba ne. Akwai wata mahaƙa a Harpur Hill kusa da Buxton a Ingila da ruwanta ya yi shuɗi shar, mutane suka riƙa tururuwa zuwa wanka, alhali ma'aunin pH ɗinsa (wanda ke nuna tsami ko kanwar ruwa) ya kai 11.3, wato yana iya ƙona fata da ido. Sai da hukuma ta zuba masa baƙin rini a 2013 don a daina sha'awarsa. Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya yin shuɗin da ya wuce ƙa'ida banza. Idan ka ga tafki babu kifi, babu ciyawa, babu ko kwaɗo a bakinsa, ka koma da kayanka. A ƙasashe masu zafi ka tambayi ko akwai tsargiya a yankin, domin dodon-koɗin da ke ɗauke da ita a kwantaccen ruwa yake zama. Idan kuma saman ruwan ya yi kore kamar an kwarara fenti, gansakuka ce mai iya fitar da guba, ranar ba ta nutso ba ce.

Shawarata ga duk wanda bai daɗe a wannan harka ba ita ce ya tsaya kan mahaƙar da aka buɗe musamman don nutso, mai masu kula, da taswirar ƙarƙashin ruwa, da jirgin ceto, da iskar oksijin a ajiye. Ramin da aka zagaye da waya aka rubuta kar a shiga yana da mai shi, kuma idan wani abu ya faru babu wanda ya san kana ciki. Mahaƙar Dorothea da ke arewacin Wales, wadda aka rufe a 1970, zurfinta ya haura mita 100, kuma masu nutso da dama sun rasa rayukansu a cikinta.

Ba sai an faɗa ba, amma zan faɗa: wannan rubutu ba ya maye gurbin horo. Sai ka sami takardar shaida daga ƙungiyar horar da masu nutso irin su PADI, SSI, CMAS ko BSAC. Takardar matakin farko a yawancinsu iyakarta mita 18 zuwa 20, mataki na gaba mita 30 ko kusa da haka, nutson shaƙatawa kuma gaba ɗayansa ba ya wuce mita 40 a tsarin PADI da SSI. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ya ga likita tukuna.

Ka karanta taswira, ka zaɓi dakalinka tun kana waje

Masu haƙa suna yanka rami hawa-hawa ne, kowane hawa da faffaɗan dakalin da manyan motoci ke bi, sannan bango ya sauka a miƙe zuwa na ƙasa. A Stoney Cove, alal misali, akwai dakali a wajen mita 7, wani a mita 22, sai ƙasan can da ya kai kusan mita 36. Ma'anar wannan ita ce kana iya yin iyo hankali kwance a mita 7, ka matsa taku biyar gefe, sai ka tsinci kanka a kan sararin da babu komai ƙarƙashinsa sai duhu. Wanda bai daidaita nauyinsa ba zai fara sulalewa bai ma sani ba.

Don haka kafin ka jiƙa ƙafa, kai da abokin nutsonka ku zauna da taswira ku yanke abu huɗu: a wane dakali za ku tsaya, ta wace hanya za ku bi, iska nawa za ta rage ku juyo, kuma me za ku yi idan kun rabu. Zurfin da kuka yanke a waje shi ne doka. Ba a sake shawara a cikin ruwa, sai dai in ragewa za a yi.

Lissafin iska ba shi da wuya. Kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda, saboda haka a mita 20 kana shan iska ninki uku na abin da kake sha a sama, a mita 30 ninki huɗu. A ce kana shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 20 ya zama lita 60. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) tana ɗauke da lita 2,400. Ka ware bar 50 da ba a taɓawa, wato lita 600, saura 1,800, minti 30 ke nan a takarda, har da lokacin sauka da na hawowa. A ruwan sanyi jiki yana cin iska fiye da haka, sai ka rage. Jadawalin PADI ya ba da minti 56 a mita 18 da minti 20 kacal a mita 30 kafin tsayawa a hanyar hawowa don iskar naitirojin ta fita daga jiki ya zama dole, ya kuma ce idan ruwan na da sanyi a yi lissafi kamar an ƙara mita 4 a kan zurfin gaskiya.

Idan mahaƙar tana kan tudu da ya haura mita 300 daga matakin teku, ka tabbata kwamfutar nutsonka, na'urar da ke nuna zurfi da lokaci, ta san da haka. Ka kuma saita ta a kan ruwa marar gishiri.

Kayan da sanyi ke buƙata

Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na Salshiyos, shi ya sa a ƙasashe masu hunturu ƙasan rami mai zurfi yake zama tsakanin digiri 4 da 8 kusan duk shekara, ko da sama ta kai digiri 20. Ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki sama da sau 20 fiye da iska. Rigar roba mai kaurin milimita 7 da hular kai da safar hannu za su riƙe ka a dakalin sama lokacin zafi. Sai dai robar cike take da ƙananan kumfa, matsi yana danne su, don haka a daidai wurin da ka fi buƙatar ɗumi a nan take sirancewa. Mai son ya riƙa sauka ƙasa sai ya koma ga busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga cikinta, ita kuma darasi ce mai zaman kanta. Ana hura mata iska yayin sauka don kar ta matse jiki, ana saki yayin hawowa, idan kuma iskar ta gudu ta taru a ƙafafu tana iya cilla mutum sama ƙafa a gaba. A koye ta a wurin malami, a ruwa marar zurfi.

Regileta, wato na'urar da ake shaƙar iskar tukunya ta cikinta, ita ce abin da na fi son a kula da shi. Iskar da ke fitowa daga tukunya tana yin sanyi sosai idan matsinta ya faɗi, a ruwan da bai kai digiri 10 ba kuwa ƙanƙara tana iya kama cikin na'urar, bawul ya maƙale a buɗe, iska ta yi ta kwarara. Ka duba jikin regiletarka. Wadda aka rubuta mata alamar sama da digiri 10 ba ta ruwan sanyi ba ce. Wadda ta ci gwajin ruwan sanyi na EN 250, ƙa'idar ingancin kayan shaƙa ta Turai, a digiri 4 aka jarraba ta.

Sauran kaya: tocila mai ƙarfi da ƙarama ta ko-ta-kwana, almakashi ko wuƙar yanke zare (zaren masunta da tsofaffin wayoyi sun fi komai yawa a mahaƙa), kamfas, da balan-balan ɗin alama da kwarkwaron zarensa.

Gyara nauyi

Ruwa marar gishiri bai kai na teku ɗaga mutum ba, bambancin kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari ne. Wanda ya saba da teku, idan kayan iri ɗaya ne, sai ya cire kilo 2 zuwa 3 na dalma daga ɗamararsa. Idan ya ƙara kaurin riga kuma lissafi ya sake. Kar ka yi ƙiyasi. Ka shiga inda ba zurfi, ka fitar da iskar falmaran ɗinka (rigar da ake hura wa iska don daidaita nauyi) gaba ɗaya, ka riƙe numfashi na yau da kullum: ruwa ya tsaya maka a daidai ido, idan ka fitar da numfashi ka fara nutsewa a hankali. In da cikakkiyar tukunya ka gwada, ka ƙara kamar kilo 2, domin iskar da za ka shaƙe tana da nauyi, kusan kilo 3 a tukunya mai lita 12.

Yawan dalma ya fi ƙarancinta haɗari a mahaƙa. A gefen bango mai yankewa, shi ne ke jan mutum ƙasa.

Shiga da sauka

Ku duba kayan juna: falmaran yana hura yana saki, ɗamara tana kwancewa, bawul ɗin tukunya a buɗe yake sosai, ma'aunin iska ba ya rawa idan an shaƙa. Idan garin da tsananin sanyi, kar ka yi ta shaƙar regileta a waje ko danna maɓallinta, danshin numfashi ne ke zama ƙanƙara. Ka jira sai tana cikin ruwa.

Yawancin mahaƙu ana shigarsu ta tsohuwar hanyar motocin da ta gangara cikin ruwa, ko ta wani dandamali. Gansakuka tana sa su santsi. Kar ka yi tsalle inda ba ka ga ƙasa ba. Da shigarka, ka hura falmaran ka ɗan dakata a sama minti ɗaya ko biyu, ka jiƙa fuska, domin ruwan sanyi yakan sa numfashi ya riƙa fizga da farko. Sai ya lafa za ka sauka.

Ku sauka kuna fuskantar juna, kuna bin igiya ko gangaren hanya, ba tsakiyar sarari ba. Ka riƙa daidaita matsin cikin kunne tun daga mita ta farko, ka ɗan ja gefen hula ruwa ya shiga don kar ta manne a kunne. Ka riƙa ƙara iska kaɗan-kaɗan a falmaran tun kafin ka ji kana gudu.

A wani wuri, galibi tsakanin mita 5 da 15 lokacin zafi, za ka ga ruwan yana rawa kamar kawalwalniya a kan kwalta. Iyakar ruwan ɗumi da na sanyi ke nan. Cikin mita ɗaya ko biyu zafi yana iya faɗuwa da digiri da yawa, goshi ya sara, numfashi ya ƙaru. Ka tsaya a nan. Ka shaƙa sau uku ko huɗu a natse, ka dubi abokinka, ka dubi ma'aunin iska, sannan ku yanke ko za ku ci gaba. Sau da yawa ruwan da ke ƙarƙashin iyakar ya fi zama garau, amma ya fi duhu, sai an kunna tocila.

A ƙasa

Laka mai laushi ta shekaru ta kwanta a kan komai. Bugu ɗaya na takalmin iyo ya isa ya dagula wurin har ka kasa ganin hannunka, kuma da yake babu ruwa mai gudu, ƙurar tana iya ɗaukar sa'o'i ba ta kwanta ba. Ka tashi kamar mita ɗaya daga ƙasa, jiki a kwance, gwiwoyi a lanƙwashe, ka riƙa bugun kwaɗo wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa. Wannan shi ne ladabin mahaƙa, na bayanka ma yana son ya ga wani abu.

Idan wuri ya dagule, kar ka yi ta kici-kici. Ka tsaya, ka kai kwamfuta kusa da fuska ka ga zurfinka, ka ɗan tashi sama da ƙurar. Idan abokinka ya ɓace, ka juya a hankali kana haska tocila kana neman kumfarsa na minti ɗaya, in ba ka gan shi ba ka hau sama bisa ƙa'ida ku haɗu a can.

Gane hanya ya fi sauƙi da bango: yana kafaɗar hagu a tafiya, yana ta dama a dawowa. Kamfas yana da amfani, amma kusa da tsofaffin injina, ko motoci da jiragen da aka nutsar don masu kallo, allurarsa takan rikice saboda ƙarfe. Ka ɗan yi nisa da su kafin ka karanta. Bangon ma kar ka riƙa kama shi, dutsen da nakiya ta farfasa yana iya saki.

Akwai jan layi guda da ba na son a tsallaka. Duk inda akwai rufi a saman kanka, ramin da masu haƙa suka bi ne, ko ɗakin inji, ko cikin motar safa da ke kwance a ƙasa, ba wurin mai takardar nutson sarari ba ne. Bakin ramin yakan yi kyau, ruwansa garau, sai ka ce bari in leƙa taku biyu. Kumfar numfashinka za ta kakkaɓo laka da tsatsa daga rufin, ka juyo ka tarar ƙofar ta ɓace. Masu shiga irin waɗannan wurare horo na musamman suke yi, suna jan zare tun daga waje, suna kasa iskarsu kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Iya ruwa fidda kai, kuma a ƙarƙashin rufi ba a fita ta sama.

Daga wajen mita 30 iskar naitirojin tana sa wani irin maye, sanyi da duhu kuma suna ƙara masa ƙarfi. Alamarsa ita ce ka dubi ma'auni ka kasa tuna abin da ka gani, ko tsoro ya kama ka ba dalili. Maganinsa ka hau 'yan mitoci, zai sake ka.

Idan regileta ta ɓalle da kwarara, kar ka rufe leɓe a kanta gam. Ka karkata kai, ka bar rarar iskar ta fita ta gefe kana kurɓar abin da kake buƙata, ka yi wa abokinka alama, ku fara hawowa nan take, domin tukunya tana iya ƙarewa cikin 'yan mintuna. Ka kasance a shirye ka karɓi regiletarsa ta biyu. Don kauce wa haka tun farko, kar ka haɗa dogon hura falmaran da jan numfashi mai ƙarfi a lokaci guda.

Rawar ɗari, ko yatsun da suka kasa danna maɓalli, sun isa dalilin kammala nutso. Haka tari da ƙarancin numfashi da ba su da dalili: ruwa yana iya taruwa a huhu saboda sanyi da matsi, musamman ga mai hawan jini, kuma wannan na asibiti ne da gaggawa.

Hawowa

Kar ka taɓa riƙe numfashi. Kar ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti. Ka riƙa sakin iskar falmaran da ta busasshiyar riga tun da wuri, domin faɗaɗar iska ta fi yawa a mita 10 na ƙarshe. A koren ruwan da babu abin kallo ido ba ya gane ko sama kake yi ko ƙasa, don haka ka bi bango ko igiya, in babu ka aika balan-balan sama ka riƙa naɗe zarensa. A mita 5 ku tsaya minti 3. Dakalin sama wuri ne mai daɗi na wannan tsayuwa, a nan ma kifaye suka fi yawa.

Bayan fitowa

Mahaƙa rami ce, fita daga cikinta hawan tudu ne da kaya masu nauyi a baya, jini kuwa yana ɗauke da naitirojin da bai gama fita ba. Aikin ƙarfi a wannan lokaci yana taimaka wa kumfa ta taso a jini. Ka sauke tukunya a bakin ruwa, ka huta, ka kwashi kayan kashi-kashi. Ka sa busassun tufafi, ka sha ruwa, ka jinkirta wanka da ruwa mai zafi sosai.

Ciwon gaɓoɓi, mutuwar wani sashe na jiki, jiri, gajiyar da ta wuce misali, ko tabo a fata cikin sa'o'in da suka biyo baya, a ɗauke su a matsayin ciwon kumfar jini. A kwantar da mutum, a ba shi tsantsar oksijin, a kira motar asibiti, a gaya musu nutso ya yi don a nemi ɗakin matsi mafi kusa, inda ake jinyar wannan ciwo. Ba a mayar da shi cikin ruwa. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ba da shawarar a jira aƙalla sa'a 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, sa'a 18 bayan nutso a jere, kuma hanyar mota da ke hawa tsauni mai tsayi ita ma tana rage matsi, a sa ta a lissafi.

Idan zazzaɓi da ciwon jiki suka kama ka cikin makonni uku ko huɗu, ka gaya wa likita ka shiga kwantaccen ruwa, domin akwai ƙwayar cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa wadda ke shiga ta rauni ko ido. Ka tsane kunnuwa sosai. Kayan kuma, ko da babu gishiri a jikinsu, a wanke su a shanya su bushe ƙarau na aƙalla sa'a 48 kafin a kai su wani tafki, saboda ƙwan wasu halittun ruwa da cututtukan kifi suna maƙalewa a aljihun falmaran da cikin takalma. A littafin nutsonka ka rubuta kilon dalmar da ya yi maka daidai, da kaurin rigar, da zurfin da ka haɗu da iyakar sanyi, da watan da aka yi nutson.